Kar Ki Taɓa, Hajiya

Litinin, 7 ga Oktoba, 8:40 na safe

Yana tafiya. Kwana goma sha biyu ke nan aikin Rwang yana gudu.

Mijina Zailani ne ya ajiye min littafin nan kusa da kofin shayi, ya ce tunda na ƙi yi masa magana, sai in yi wa takarda. To, ga ni.

Bari in faɗa kamar ina yi wa mahaifiyata bayani, ita da har yau in an tambaye ta aikina sai ta ce Saudatu gyaran kwamfuta take yi a London. A ƙarƙashin benenmu na jami'a a Aldwych akwai injinan lissafi sama da ɗari biyu a haɗe, su ake kira cluster. Duk mai lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutarsa sai ya turo aikinsa, aikin ya shiga layi ya jira, in wuri ya samu ya fara gudu. Ni ce mai tsaron layin. Ina iya dakatar da aikin kowa, ina iya soke na kowa, kuma na soke ba adadi ban taɓa jin ɗar ba.

Rwang, ɗan Filato da ke digirin dokta a jami'armu, yana da aiki guda mai gudu da ƙanana goma sha biyu a layi suna jiran babban ya gama. Shi kuwa yana kwance a asibiti tun ranar Alhamis. Ba zan rubuta abin da ya faru a tashar jirgin ƙasa ta Peckham Rye ba.

Litinin, 2:15 na rana

Oga, shugabar sashenmu, ta tara mu. Bututun ruwan da ke sanyaya tsofaffin injina yana yoyo, don haka kashewar da aka ce sai Disamba an dawo da ita ranar Juma'a ɗaya ga Nuwamba. Kowa ya kwashe aikinsa, wanda bai kwashe ba ni zan soke masa.

Aikin Rwang a kan tsofaffin yake. Kwana arba'in da biyar ya nema, ba zai gama ba sai tara ga Nuwamba. Kwana takwas kacal! Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur kamar wadda ba ta yi makaranta ba.

Talata, 8 ga Oktoba, 8:35 na safe

Yana tafiya.

Sunan da ya sa wa aikin shi ne kar_ki_taba_hajiya. Shi nake fara gani kullum in na buɗe layi.

Haka yake yi min shekara uku. Kowa yana sa wa aikinsa suna irin test1, run7, shi kuwa tunda ya san ni ke duba layi da safe, sai ya mayar da wurin allon gaisuwa. Yau ina_kwana_hajiya, gobe yaya_sanyi, in ya cinye injina da yawa sai in ga ki_yi_hakuri. Ban taɓa zuwa Makka ba, shi ya naɗa ni Hajiya. Turawan ofis sun ɗauka sunayen wasu sinadarai ne. Ban taɓa amsa masa ta layi ba, na ce masa ni ma'aikaciya ce, ba na wasa da kayan aiki. Sai dai in mun haɗu a lif in harare shi, shi kuma ya yi ta dariyar nan tasa har kafaɗunsa na rawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Na je asibiti. Mutum biyu kawai ake bari a shiga, yayan Rwang ya fito ni na shiga. Chundung, matar Rwang, tana gefen gado riƙe da hannunsa, ta rame a mako ɗaya har zobenta na juyi. Ɗakin ba abin da ake ji sai injin numfashin nan mai shiga da fita.

Ta ce, “Anti Saudatu, aikinsa fa? Yana tafiya?”

Na ce yana tafiya.

Sai ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, “Baban Sharon, ka ji? Anti ta ce aikinka yana running. Kai ake jira.” Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Don Allah kada a yi cancel ɗinsa. Nurse ta ce yana iya ji. In ya farka shi zai fara tambaya, kafin ni ma.”

Na ce, “Ba mai taɓa shi, Maman Sharon.”

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ina da ranar Juma'ar nan a bakina, na haɗiye ta.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 8:30 na safe

Yana tafiya. Chundung ta turo saƙo tana tambaya, na amsa.

Litinin, 14 ga Oktoba, 1:10 na rana

Na kasa cin abincin da na zo da shi, bari in rubuta yadda muka haɗu.

Watansa na biyu a jami'ar nan ya turo aikin da ya danne rabin injina, mutane suka yi ta yi min waya. Na soke shi, kwana shida na lissafi suka tafi a banza. Ya sauko ofishinmu yana huci, ya yi Turancinsa na ladabi ya gama, da ya juya zai fita sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa da Hausa, “Kai, wannan mata ba ta da imani.” Na ce, “Imanin ne ya sa na bar ka har kwana shida, ɗan Jos.” Ya tsaya cak, ya rufe baki da hannu, ya ce, “Wayyo, na mutu.” Washegari ya kawo min dankalin Turawa a leda, wai na gonar babarsa ne a Vom. A Rye Lane nan London ya saya, da takardar shagon a jiki.

Ranar na zaunar da shi na koya masa. In na soke aiki mai gudu, ba nan take ake yanke shi ba. Cluster yana fara ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ba shi minti biyu, sannan ya yanke. In mai aikin ya rubuta ɗan sashen da zai ji ƙwanƙwasar, aikin zai tattara abin da ya lissafa ya adana kafin a rufe, daga baya a ɗora daga inda aka tsaya. In bai rubuta ba, komai ya tafi. Layi goma ne kawai na rubutu.

Ya ce, “Gobe zan saka, Hajiya.” Sau uku na ƙara soke masa aiki bayan nan, sau uku yana asara, kullum gobe zai saka. Taurin kai kamar me! Chundung kuwa murna take yi. Ta taɓa ce min a gidansu, “Anti, ki riƙa kashewa kullum mana. Ranar da kika yi cancel ne kaɗai yake dawowa gida da wuri, in ba haka ba yana can yana gadin screen.”

Na duba inda sakamakon wannan aikin ya kamata ya sauka. Babu komai. Kwana goma sha tara duk a cikin ƙwaƙwalwar injina suke, sai ya gama zai zubo su.

Laraba, 16 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Na roƙi Oga kwana takwas. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta ce ta san Rwang, ita ma zuciyarta a karye take, amma in bututun ya fashe a kan wutar lantarki ba aikin mutum ɗaya za a yi asara ba. Masu kwashe injinan ma an riga an yi booking ɗinsu. Na ce a bar min injina goma sha shidan da yake kai kawai. Ta ce bututun ɗaya ne.

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na fi jin haushinta.

Ta ce in buɗe rubutun aikin nasa in duba, wataƙila ya saka sashen adanawar. Ina da izinin buɗe na kowa. Na ce to.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 8:45 na safe

Ban buɗe ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Malamin da ke duba digirinsa ya zo ya same ni. Ya ce wannan lissafin shi ne babi na ƙarshe, na yadda ruwan sama zai sauya a tsaunukan Filato nan da shekara talatin, da lokacin da ya kamata manoman dankali su riƙa shuka. Ya ce wata huɗu Rwang ya yi yana daidaita shi a kan tsofaffin injinan nan, ba wanda ya san ƙullinsa sai shi, in aka fara daga farko a sababbi ba lallai ya fito daidai ba. Ya tambaye ni ko akwai dabara.

Babu. Ba a ɗaukar aiki mai gudu daga inji a kai wani. Ko ƙwanƙwasar nan kaɗai na aika don gwaji, in bai saka sashen ba ita ma kashe shi za ta yi.

Zailani ya ce in gaya wa Chundung gaskiya tun da sauran lokaci. Na ce ya bar ni. Ya ce, “Saudatu, alkawarin da ba naki ba kika ɗauka.” Na tashi na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da na riga na wanke.

Litinin, 21 ga Oktoba, 8:30 na safe

Yana tafiya. Kwana ashirin da shida.

Mutane sun fara kwashe nasu. Layin tsofaffin injina da ke cika allo biyu yanzu bai kai rabin ɗaya ba.

Talata, 22 ga Oktoba, 7:00 na yamma

Asibiti. An kira iyali taro gobe da likitoci uku. Yayansa yana tsaye a baranda yana waya da gida da yarensu, ban ji ko kalma ba amma na gane.

Sharon ta zo da kayan makaranta a jikinta, shekararta bakwai. Na ce mata, “Sharon, kin ci abinci?” Ta gyaɗa kai, ta amsa da Turanci yadda ta saba, ta ce Daddy ya yi mata alkawarin zai nuna mata manyan kwamfutocin da ke ƙarƙashin ƙasa. Na ce zan nuna mata. Ga wani alkawarin kuma. Bakina ba ya jin magana kwanan nan.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 4:50 na yamma

Chundung ta kira, Rwang ya cika. Ba ta tambaye ni ko yana tafiya ba.

Alhamis, 5:30 na yamma

Yana tafiya. Na duba sau uku. Ban san me nake tsammani ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Na hau bas mai lamba 436 zuwa Peckham da kular shinkafa. Flat ɗin ya cika har matakala, takalma a ƙofa kamar na masallaci ranar Juma'a. Matan cocinsu suna waƙa da Hausa a hankali, wata tsohuwa ta matsa min wuri ta ce, “Zauna nan, 'yata, ke ce Hajiyar ofis ko?” Ashe har su sun sani. Na yi musu gaisuwa, na ce Allah ya ba da haƙuri, ya raya abin da aka bari. Mako mai zuwa na sama za a kai shi gida Vom.

Da zan tafi Chundung ta jawo ni ɗakin kwana ta rufe ƙofa. Rigarsa ta sanyi tana rataye a bayan ƙofar, da katin shiga ofis a aljihu.

Ta ce, “Anti, ni likitoci suka tambaya ko a cire masa injin. Yayansa ya ce ni ce matarsa, ni zan faɗa. Ni na ce musu to.” Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce, “Ranar Alhamis ɗin da abin ya same shi ko sallama ba mu yi ba, ina wanka ya fita. Ta ƙofar bayi ya ce min burodi ya ƙare. Shi ke nan abin da ya bar min.” Sai ta kama hannuna ta ce, “Na wajena na bari an kashe. Na wajenki ki bar shi ya kai ƙarshe, ko abu ɗaya nasa ya gama.”

Na buɗe baki, wata ta ƙwanƙwasa ta ce Fasto ya iso. Na fito ban faɗa ba. Ni matsoraciya ce, yau na tabbatar.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 5:00 na yamma

An mayar da agogo baya, ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Na idar da magariba na daɗe a kan sallaya ban san abin da zan roƙa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, 10:20 na safe

Oga ta ce a fara sokewa da waɗanda ke layi, yau. Na sha gaya wa sababbin ma'aikata cewa soke mai jira ba komai ba ne, tunda bai fara ba babu abin da zai yi asara. Da bakina nake faɗa.

Umarni ɗaya zai share duka goma sha biyun. Ban yi haka ba, ɗaya bayan ɗaya na bi su. Ya jera su ne don in riƙa ganin ɗaya kowace safiya bayan babban ya gama. Na soke ina_kwana_hajiya. Na soke kin_ga_ya_gama. Na soke yaya_oga_zailani, da saura_kadan, da a_gaida_yara. Na goma sha ɗaya asabar_akwai_gwate, gwaten achan nan na Chundung da yake ta yi min alkawari. Na ƙarshe dokta_rwang_ne_yanzu.

Na shiga bayi na kunna famfo don kada a ji ni.

Talata, 29 ga Oktoba, 8:30 na safe

Shi kaɗai ya rage a allon. kar_ki_taba_hajiya. Kwana talatin da huɗu.

Laraba, 30 ga Oktoba, 6:40 na yamma

Na gaya mata. Ban yarda da waya ba, na je har gida, muka tsaya a kicin. Na faɗi maganar bututu, da ranar Juma'a, da kwana takwas. Na ce tun ranar da na yi mata alkawari a asibiti na sani.

Ta ce, “Kin bar ni ina gaya masa ƙarya a kunne.”

Na ce ba ƙarya ba ce, yana tafiya a lokacin. Ta ce, “Anti, don Allah.” Na ɗauki jakata na fita daga kicin.

Har na sa takalmi ta biyo ni ƙofa ta tambaye ni ƙarfe nawa za a yi. Na ce sha biyun rana. Ta ce za ta zo. Ta ce na asibiti tana wurin, wannan ma ba za a yi a bayan idonta ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 3:00 na yamma

Oga ta leƙo ta ce, “Kin duba?” Na ce ban duba ba. Ta dube ni ta fita.

In na buɗe na ga babu, to tun yau ya mutu a wurina. In ban buɗe ba ina da shi har gobe da rana. Wannan ba tunanin ma'aikaciya ba ne, na sani, ko oho.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Ta zo sha ɗaya da rabi, da baƙar riga, ita kaɗai. Na karɓo mata katin baƙi, na sauka da ita ƙasa ta ga injinan. Ƙara ta cika wurin, ga bokiti biyu a ƙarƙashin bututun. Na nuna mata goma sha shidan da fitilunsu ke ƙiftawa, sauran duk sun yi duhu. Ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙarfen ta ce, “Da ɗumi.”

Muka hau ofis, na jawo mata kujera kusa da tawa. Ta karanta sunan aikin a allo, har ta ɗan yi murmushi ta ce, “Wannan mutum.” Kwana talatin da bakwai da awa biyu. Na rubuta umarnin sokewa da lambar aikin, hannuna ya tsaya a kan maɓalli. Ta ce, “Ki yi, Anti. Jira ya fi ciwo, na sani.” Na yi bismilla na danna.

Minti biyun nan ban taɓa sanin suna da tsawo haka ba. Na buɗe inda sakamako ke sauka don kawai in sami abin kallo, wurin da ya yi sama da wata fayau. Sai ga fayil ya fito. Yana girma, yana girma, ina kallon lambobin suna hawa. Na miƙe tsaye ban sani ba, na ce, “Ya saka! Maman Sharon, ya saka! Ɗan banzan nan ya saka bai gaya min ba!” Turawan ofis duk suka juyo. Da saura daƙiƙa ashirin ya gama adanawa, sunan ya ɓace daga allon.

Komai yana nan, kwana talatin da bakwai cif. Malaminsa ya ce daga nan ana iya ɗorawa a sababbin injina.

Sannan na buɗe bayanan da aiki ke rubutawa kafin ya rufe, don in tabbatar ba kuskure. A ƙasan lambobin akwai layi uku da Hausa. Tun watan Satumba ya rubuta su, ya ajiye su sai ranar da na taɓa.

“Hajiya, na san ke ce. Na ce kar ki taɓa.
Ba komai, wannan karon na ji maganarki, na kwashe kayana.
Ki gaya wa Maman Sharon yau da wuri zan dawo gida.”

Ban karanta mata ba, da idonta ta gani. Ta karanta, ta sake karantawa da yatsa a kan allon. Kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta yi ba a gida, a ofishina ta yi shi, kanta a kan cinyata. Oga ta tashi ta fitar da kowa ta ja mana ƙofa.

Da ta lafa ta ce in buga mata shi a takarda. Na buga, ta ninke shi huɗu ta sa a cikin rigarta.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 8:35 na safe

Na ɗora shi a sababbin injina da sunana, saura kwana takwas. Wurin sunan aiki na rubuta lafiya_lau_rwang. Yana layi, yana jira.